Mutum-mutumin da ake tsara wa aiki: a wurin kwastan kayan wasa ne, inji ne, ko kwamfuta?

Malama Mai Makaranta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fito. Makarantarmu a nan Kano za ta buɗe ajin haɗa mutum-mutumi da rubuta masa umarni, ga 'yan aji shida da 'yan ƙaramar sakandare. Na gama ciniki da wani kamfani a Shenzhen kan guda 60. Abin kamar ƙaramar mota yake, taya biyu da ido biyu a gaba, yana zuwa a warwatse cikin kwali. Yaro zai ɗaure shi da sukundireba, ya jona da kwamfuta, ya tsara masa cewa bi baƙin layi, in ka ga bango ka juya. Sai kuma guda 2 masu siffar mutum, suna tafiya da ƙafa suna magana, su kam kuɗinsu ya kusa na sauran gaba ɗaya. Ban buɗe Fom M, takardar da ake cikewa ta banki kafin a shigo da kaya, ba tukuna. Ejan fito na farko ya ce lambarsu ta kwastan 9503 ce, kayan wasan yara, fito kashi 20. Na biyu ya ce in bar masa, zai shigar da su a 8479.50, kashi 5. Shi kuma mai kamfanin ya rubuta 9023 a inbois. Kaya ɗaya, lamba uku. Wa zan bi?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Malama ai wannan ba abin tambaya ba ne. Mai kashi 5 mana. Ko kuɗin ne suka yi miki yawa?

Baba Ejan: Malama kada ki saurari Ɗan Kwari, shi atamfa ya sani. Na gode Allah da ba ki buɗe Fom M ba, don da zarar lamba ta hau kansa ta bi ta hau PAAR, takardar kwastan ta tantance kaya kafin su iso, gyara sai an sha wuya. Ki tambayi ejan na biyu ya karanta miki abin da ke rubuce a gaban 8479.50. Cewa aka yi mutum-mutumin masana'anta. Irin dogon hannun ƙarfen nan da ake kafewa a ƙasa, yau a sa masa bakin walda, gobe a sa masa na fenti. Ranar da aka yanka kwalinki aka ga 'yar mota shuɗiya mai ido biyu, da wane baki zai ce ta masana'anta ce?

Malama Mai Makaranta: Baba ni ma abin da ya tsaya min a rai ke nan. Amma bambancin kuɗin fa ba kaɗan ba ne.

Baba Ejan: Bari in buga miki. A ce kayan da kuɗin jirgi da inshora sun kama naira miliyan 10. A kashi 20, fito miliyan 2 ne, sai VAT kashi 7.5 a kan miliyan 12, wato 900,000. Jimla 2,900,000. A kashi 5, fito 500,000, VAT a kan miliyan 10.5 ya zama 787,500, jimla 1,287,500. Ban sa ƙananan caji ba. Tsakaninsu 1,612,500. Na san kuɗi ne, sun isa albashin malamai. Shi ya sa ake ruɗuwa.

Injiniya: Da izinin manya. Ni a ganina duka ejan biyun sun kauce, har da mai kamfanin. Wannan abu kwamfuta ce aka sa mata taya. Irinsu ɗaya da mBot na Makeblock, a cikinsa akwai ƙwaƙwalwa irin ta Arduino, ƙaramin allon kwamfutar nan na masu koyon ƙera na'ura, tana ajiye umarni, tana lissafi, tana yanke shawara da kanta in sensa ta ga abu. Yaro yana rubuta mata duk abin da ya ga dama da Scratch, manhajar koya wa yara rubuta umarni. Me ya rage ta zama kwamfuta? A kai ta 8471 kawai, inda laftof take.

Mai Ritaya: Injiniya ka yi magana ta ilimi, kuma da yawa sun riga ka yin ta. Sai dai littafin ya toshe wannan ƙofar tun tuni.

Bari in fara daga tushe saboda Malama. Lambobin nan ba a Abuja aka ƙirƙire su ba. Tsarin HS ne, littafin lambobin kaya na Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Brussels, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1988, ana sabunta shi kusan duk shekara biyar, wanda ake amfani da shi yanzu na 2022 ne. Lambobi shida na farko ɗaya ne a ƙasashe sama da 200. Mu a ECOWAS muka ƙara huɗu suka zama goma, muka kuma raba fito gida biyar tun 2015: sifili, 5, 10, 20, 35. Injunan sana'a galibi suna 5, kayan da aka gama aka kawo wa mai saye ya yi amfani da su suna 20. Daga nan rigimarku ta taso.

To Injiniya, a babi na 84 akwai bayani na 6, wanda kafin 2022 shi ne na 5. Sakin farko ya faɗi sharuɗɗa huɗu na zama kwamfuta, kusan yadda ka jero su. Amma ka sauka zuwa sakin E. Ya ce injin da ke ɗauke da kwamfuta a cikinsa, alhali yana yin wani aiki na musamman wanda ba sarrafa bayanai ba, a kai shi inda aikin nasa yake. Da ba haka ba, da injin wanki ma ya zama kwamfuta, da motar zamani ma haka. Abin Malama aikinsa tafiya ne da bin layi da kauce wa bango. Ƙwaƙwalwar hidima take yi wa tayar.

Injiniya: Baba amma injin wanki ba ka iya canja masa umarni. Wannan kuwa kana iyawa. Nan bambancin yake.

Ɗalibar Lauya: Yaya Injiniya, hujjarka ce Sony ya ɗauka a Turai kan PlayStation 2. A lokacin kwamfuta ba ta biyan fito a Tarayyar Turai, na'urar wasan bidiyo kuwa tana biyan ɗan kaso. Sai suka riƙa haɗa ta da faifai mai ɗauke da Yabasic, wanda mutum zai iya rubuta umarni da shi. An je kotun Tarayyar a Luxembourg, a 2003 ta soke dokar da aka kafa a kan na'urar saboda hujjar da aka gina ta a kai ba ta zauna ba. Amma hakan bai mai da ita kwamfuta ba. Da suka nemi a mayar musu da kuɗin da suka biya, kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta hana su a 2006. Yau na'urorin wasan bidiyo suna da gidansu, 9504.50. Kamfani mai lauyoyi kamar ƙasa bai ci da wannan hujjar ba.

Ɗan Kwari: Tirƙashi. Ashe har da lauyoyi a zauren nan muna ta sakin baki.

Mai Ritaya: Allah ya yi miki albarka 'yata, kin rage min aiki. Yanzu ga inda nake so Malama ta nutsu. Ba a fara tambayar wane inji ne wannan. Ana fara tambayar shin kayan wasa ne ko a'a. Dalili kuwa, sashe na 16, wanda ya ƙunshi babi na 84 da na 85, ya faɗa tun a bayaninsa na farko cewa bai ɗauki kayan babi na 95 ba. Babi na 90, inda 9023 ɗin mai kamfaninki yake, shi ma ya faɗi haka. Ma'ana in abu ya tabbata kayan wasa ne, magana ta ƙare, ko da injin jirgi aka sa masa. Sai in ya kuɓuta daga 95 ne sauran lambobin suke da bakin magana.

Malama Mai Makaranta: Yallaɓai ai ba wasa za mu yi da su ba. Darasi ne, da jadawali da jarrabawa. Iyaye ma kuɗin ajin za su biya daban.

Mai Ritaya: Na yarda da ke Malama, amma ba niyyarki ake yi wa lamba ba, kayan ake yi wa, a yadda suka iso gaban jami'i. In na sayi ƙwallo don koyar da lissafin da'ira, ƙwallo ce dai. Kuma littafin sharhin HS, a ƙarƙashin 9503, ya ambaci kayan wasa masu koyarwa da sunansu, ya ba da misali da akwatin gwajin kimiyya na yara da na koyon ɗinki. Don haka cewa abu yana koyarwa bai fitar da shi daga wasa ba. Bai kuma ce sai na yara ba, abin nishaɗin manya ma yana ciki.

Baba Ejan: A nan kam Yallaɓai zan ɗan ja da kai, da girmamawa. Guda 60 ɗin na bar maka. Amma biyun nan masu ƙafa fa? Akwai irin su NAO, wanda kamfanin Aldebaran na Faransa ya ƙera, tsawonsa santimita 58, jami'o'i ke saye don bincike, a 2008 aka fara amfani da shi a RoboCup, gasar ƙwallon mutum-mutumi. Wa zai kalli wannan ya ce abin wasa ne? Ba uban da zai saya wa ɗansa ya jefar a tsakar gida. In na Malama sun yi kusa da wannan, ba na sa hannu a kan 9503.

Mai Ritaya: Ba mu saɓa ba Alhaji. Ni ma ban haɗa su ba. Kaya biyu ne, layi biyu za su hau a takarda. Sai dai kada ka jingina da tsada kawai. Sony ya fitar da karensa AIBO a 1999 da tsadar gaske, kuma don ɗebe kewa aka yi shi. Abin da ake dubawa ya fi haka: me aka rubuta a kwali, akwai shekarun yaro a jiki ko babu, a wane irin shago ake sayar da shi, wa kamfanin yake yi wa talla, ƙarfin jikinsa na aikin yau da gobe ne ko na kwana biyu, ya zo da littafin darasi da manhajar masu bincike ko da 'yan waƙoƙi da rawa. A tara waɗannan a auna.

Malama Mai Makaranta: To in sun kuɓuta daga wasan, ina za su? 9023 ɗin mai kamfani?

Baba Ejan: Shi 9023 na kayan nuni ne, waɗanda aka ƙera don a nuna wa ɗalibai ko 'yan kallo yadda abu yake, kuma ba su dace da wani aiki ba. Wannan jelar ta ƙarshe ita ce tarkon. Ƙwarangwal ɗin roba na ajin bayoloji, injin mota da aka tsaga biyu don a ga fistin, gunkin da ɗaliban jinya ke koyon allura a jikinsa, su ne 'yan gida a can. Mutum-mutumin da zai iya tarbar baƙi a bakin ofis ko ya yi wa yara rawa, da wuya ka ce bai dace da wani aiki ba. Ni 8479.89 nake hange, sauran injuna masu aikin kansu da ba a ambata a wani wuri ba.

Injiniya: Me ya sa ba 8543.70 ba? Shi ma ai na sauran na'urori ne masu aikin kansu.

Baba Ejan: Na lantarki ne shi. In ainihin aikin abu motsi ne, gaɓoɓi da giya da tafiya, 8479 ya fi kusa. In kuwa zaune yake a kan tebur yana magana yana kunna fitila, motsin nasa ɗan kaɗa kai ne kawai, sai a leƙa babi na 85. Na Malama tafiya suke yi.

Mai Ritaya: Kuma ga abin da ke ba mutane dariya a aji. Ƙa'idojin fassara shida ne. Ta uku ta ce in lamba biyu sun yi kunnen doki, a ɗauki wadda ta fi bayyana kayan. In ba a rabu ba, a dubi abin da ya ba kayan ainihinsa. In har yanzu ba a rabu ba, a ɗauki wadda ta zo ƙarshe a jeri. Kun ga ke nan ko ta nan aka bi, 95 tana bayan 84 da 85 da 90. Ɗan autan littafi ne ke cin gado.

Ɗan Kwari: Ni fa duk kun ɗaure min kai. Mutum-mutumi nawa ne a littafin nan? Don ni ma ina da su shida a ƙofar shago, sanye da leshi.

Mai Ritaya: Naka suna 9618, gumakan tela da na tallar kaya. Hausa ce ta haɗa su a suna ɗaya, har da na korar tsuntsu a gonar gero. Littafin kwastan bai san wani gida guda mai suna mutum-mutumi ba. Aikin yake bi. Mai share ɗaki, irin Roomba, yana 8508 tare da sauran injunan zuƙe ƙura. Mai yankan ciyawa yana 8433. Mai ɗaga kaya a masana'anta an buɗe masa 8428.70 a 2022. A shekarar ne kuma aka buɗe wa jirgi marar matuƙi 8806, amma aka ce wanda aka yi don wasa zalla ya koma 9503.

Hajiyar Gwanju: Yallaɓai ka taɓo min ciwo da ka ambaci mai share ɗaki. Malama ki ji nawa. Shekarun baya na ɗauko guda 200 daga Guangzhou, lokacin matan Abuja da Kano sun fara yayinsa. Yaron da ke min kiliyarin ya ce Hajiya ai robot ne, akwai layinsu mai sauƙi. Ni ban karanta ba, na ce Allah ya yi albarka. Da aka zo duba kaya aka ciro ɗaya aka kunna, ya kama shara a gaban kowa. Ba wanda ya zalunce ni, abin da idonsu ya gani suka rubuta. Aka yanko min DN, takardar neman cikon fito, kafin in haɗa kuɗin kwantena ta yi kwanaki, kamfanin jirgi na ƙirga nasa, masu tasha na ƙirga nasu. Yaron kuma wayarsa ta daina shiga. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tun ranar, ejan bai isa ya sa lamba ban sa an karanta min abin da ke gabanta ba.

Malama Mai Makaranta: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya.

Hajiyar Gwanju: Amin ƙanwata. Kuma batun lambar da mai kamfani ya sa a inbois, kada ki ɗauke ta aya. Su can lambar da za ta sauƙaƙa musu fitar da kaya da karɓo rangwamen harajinsu suke dubawa. Wani ma in kika ce ya sa miki wata, yanzu zai canja ya turo. Ba ta ɗaure kowa a nan ba. Sunanki ne a takarda, ke za a tambaya.

Ɗan Kwari: To ga dabara. Tunda a warwatse suke zuwa, a rubuta kayan gyara mana. Taya, waya, ƙusoshi. Wa ya ga mutum-mutumi?

Baba Ejan: Ƙa'ida ta 2, sakin farko, don irinka aka rubuta ta. Kayan da aka kawo a kwance ba a haɗa ba, matuƙar gaɓoɓin suna tare, hukuncin haɗaɗɗe ne a kansu. Keke a kwali keke ne.

Ɗan Kwari: A raba jirgi biyu.

Mai Ritaya: Ko ka raba, babi na 95 ya ce sassan da aka yi musamman don kayan wasa suna bin kayan wasan. Gangar jikin da tayoyin suna nan a 9503. Ƙananan injunan juya tayar ne za su fita zuwa 8501, batirin lithium zuwa 8507.60. Ka biya kuɗin jirgi sau biyu, ka buɗe takardu biyu, don ka tsira da fiton abin da bai kai rabin kayan ba. Wanda ke shigo da allunan Arduino da sensa da injuna iri-iri don ɗalibai su ƙera abin da suka ga dama, wannan daban ne, kowane yana da lambarsa ta gaskiya. Amma a ɗauki kwali mai hoton mota a ce ƙusa ce, wannan sunansa ƙarya, kuma dokar kwastan ta 2023 ba ta wasa da shi.

Shugaban Zaure: Jama'a a kula. Zauren nan na neman sani ne, ba na koyar da kauce wa doka ba. Ɗan Kwari na san raha kake yi, amma akwai yara masu tasowa da ke karantawa.

Ɗan Kwari: Tuba nake ranka ya daɗe. Na koma kan leshina.

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku mutanen Najeriya. Ina bin maganar tun ɗazu. Mu nan Nijar duwan ɗinmu, wato kwastan, su ma da wannan littafin suke aiki. Mun fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025 amma muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu kuɗin sefa, gidajen fiton nan biyar ba baƙi ba ne gare mu, sai dai TVA tamu, wato VAT, 19 ce, ba 7.5 ba. Ku gode Allah. Kuma tun da iyakar Benin ta rufe, kaya ta Lome suke biyowa su ratsa Burkina, kwanakin hanya kaɗai sun ishe ka. Abin da nake so in tambayi Baba mai ritaya: siffar mutum ɗin tana canja wani abu? Don na ga biyun Malama suna da kai da hannu.

Ɗalibar Lauya: Baba bari in riga ka, wannan na karanta shi. Da can tana canjawa. 'Yar tsana mai siffar ɗan Adam tana 9502, sauran halittu suna 9503. A Amurka fiton 'yar tsana ya kai kashi 12, na sauran kayan wasa 6.8. Sai kamfanin Toy Biz ya kai ƙara yana cewa gumakansa na X-Men, jaruman wani labarin zane, ba mutane ba ne. A 2003 mai shari'a Judith Barzilay ta kotun Amurka mai shari'ar cinikin ƙasa da ƙasa ta duba su ta yarda ba mutane ba ne. Masoya labarin suka yi ta fushi, don su a wurinsu duk labarin a kan cewa mutane ne aka gina shi. Gyaran HS na 2007 ya narkar da 9501 da 9502 cikin 9503, don haka yau kai da hannu ba sa raba gida.

Mai Ritaya: Haka yake. Yarinyar nan in ta gama karatu a kawo ta harkar nan.

Injiniya: Ni dai har yanzu abin bai kwanta min ba, ba don ban fahimci dokar ba. Laftof da yaro zai kalli bidiyo da ita tana layin sauƙi, abin da zai koya masa ƙera na'ura kuma yana layi ɗaya da balan-balan da bindigar ruwa. Kullum ana cewa a koya wa yara fasaha. LEGO ya fitar da Mindstorms, akwatin haɗa mutum-mutumi na yara, tun 1998, yaran wasu ƙasashe sun girma da shi har an daina yinsa a 2022, mu kuma yanzu muke lissafin kashi 20.

Baba Ejan: Ɗana wannan kukan gaskiya ne, amma ba a teburin duba kaya ake kai shi ba. Jami'in da ke gabanka ba shi ya yanka kason ba. Lamba daban, kaso daban. Ana iya barin abu a 9503 a tsaga masa layi a lambobi huɗun ƙarshe a sauke masa kaso, in masu tsara jadawalin sun so. Akwai kuma takardar yafe fito ta Ma'aikatar Kuɗi, IDEC, wadda ake nema kafin kaya su taso. Waɗannan ƙofofi ne na halal. Canja wa kaya suna ba ya cikinsu.

Mai Ritaya: Akwai ma wadda ta fi kusa da Malama. Tun 2024 kwastan ta buɗe tsarin hukunci kafin shigo da kaya, abin da yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki ta WTO, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta tanada a sashenta na 3. Ki tura bayanin kayan, hotuna, littafin kamfani, ki faɗi lambar da kike gani da hujjarki, su ba ki amsa a rubuce. Ranar duba kaya takardar ce za ta yi magana, ba bakin ejan ba. A zamaninmu da akwai wannan, da an huta da rigima mai yawa.

Hajiyar Gwanju: Ki kuma tambayi mai kamfanin batun SONCAP, takardar shaidar ingancin kaya, tun yanzu, kayan wasa da na lantarki duk suna buƙata. In ta kago za ki ɗauko, ki gaya musu akwai batirin lithium, ba kowane jirgi ke ɗauka ba. Kuma in da mai tashi sama a cikin kayan ki cire shi, wannan sai da takardar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Malama Mai Makaranta: Babu mai tashi Hajiya. Na tura wa mutumin saƙo ya ɗauko min hoton kwalin ta kowane gefe da littafin da ke ciki. Dare ya yi a can, sai da safe.

Malama Mai Makaranta: Barkanmu da kwana. Hotuna sun iso. Kwalin guda 60 ɗin an rubuta shekara 8 zuwa sama, ga alamar nan ta fuskar jariri da aka ja wa layi, ga hoton yaro da babansa suna dariya a kan kafet. A shafinsu ma cikin kayan wasa masu koyarwa suka jera shi. Na biyun kuwa kwali ne fari ba hoto, littafinsa ya fi shafi ɗari, rabinsa yadda ake rubuta masa umarni da Python, kuma an ce kada yaro ya taɓa sai da malami.

Baba Ejan: To gani ya kori ji. Sittin ɗin 9503, ki biya 20 ɗinki ki kwana lafiya.

Mai Ritaya: Biyun kuma kada ki haɗa su a wannan tafiyar. Ki nemi hukuncin a rubuce tukuna, ki sa littafin nan gaba ɗaya a cikin takardun, da wasiƙar makaranta. Alhaji na cewa 8479.89. Ni da na ga maganar sai da malami, 9023 ta ɗan dawo min a rai, in har kamfanin zai iya nuna cewa don aji kaɗai ya ƙera su.

Baba Ejan: Yallaɓai jiya fa tare muka rufe ƙofar nan.

Mai Ritaya: Kai ka rufe Alhaji, ni shiru na yi. Malama ki tambaye su ko suna sayar wa otal da bankuna irin wannan don tarbar baƙi. In sun ce e, Alhaji ya ci.

Malama Mai Makaranta: Zan tambaya yanzu. Ejan na biyu kuma ya kira ni sau uku tun asuba, ban ɗauka ba.

Hajiyar Gwanju: Ki ɗauka ki ce ya karanta miki abin da ke gaban lambar, da ƙarfi, ki ji yadda muryarsa za ta yi.

Ɗan Kwari: Yallaɓai kafin a watse. Na ga wani a bidiyo, irin nawa na ƙofar shago, amma yana ɗaga hannu yana juya kai in mutum ya gifta. In na ɗauko shi ya tashi daga 9618 ke nan?

Mai Ritaya: Yana nan. Lambar ta haɗa da masu motsi na tallar shago. Sai dai in ka koya masa ciniki da ba da canji, ka dawo mu sake zama.